Bana Ba Mu Je Gida Ba

To, tunda yara sun hau sama, mazan kuma sun ce sai bayan Isha'i za su shigo, ku matso kusa da hita in ba ku labarin da kuke ta zungurata a kansa. Amarya, miƙo min filas ɗin nan. Yaya, na ga kallon da kika yi min ranar suna, da aka ce ai su wance ba Kano suka je ba, bakin teku suka tafi. Ban ji haushi ba wallahi. Sai dai ina so maganar ta tsaya a ɗakin nan, don akwai dangin da har yau ban gama lallashi ba.

Kun san Disambar Manchester, ba sai na faɗa muku ba. Gari ba ya wayewa sai takwas ta wuce, kafin huɗun yamma an yi Magariba. Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin awa huɗu suke cunkushe, ina wurin aiki, in na yi sa'a alwala ɗaya ta kai ni. In fita da duhu, in dawo da duhu. Bara ƙasusuwana suka dinga ciwo, in kwana ina barci in tashi a gajiye. Likita ta auna jinina ta ce bitamin D ya yi ƙasa sosai. Dama hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, masu duhun fata irinmu kuwa duk shekara, saboda fatarmu sai ta sha rana da yawa kafin jiki ya haɗa sinadarin. Ga mu kuma kullum a lulluɓe. Na sha ƙwayar, ta yi min amfani, amma abin da raina yake nema shi ne in zauna a waje rana ta dake ni a gadon baya.

"To ai rana tana Kano," in ji Yaya. "Kyauta ma."

Tana nan, Yaya, ko da yake a Disamba hazo ne ke rufe ta, leɓe ya tsage, yara su kwaso tari. Amma ba wannan ne ya hana ni ba. Tsakani da Allah, wace ce a cikinmu ta taɓa zuwa gida ta huta? Tun Oktoba kike yawon shaguna kina haɗa tsaraba, kina ɗora akwati a ma'auni kada ya wuce kilo 23. Kin sauka yau, gobe gaisuwar mutuwar da aka yi ba kya nan, jibi barkar haihuwa, gata kamu, citta yinin biki, ga anko tela bai gama ba. Dangin uwa, dangin uba, dangin miji, kowa yana lissafin gidan da kika fara shiga. Maigida shi da ya gaida manya sai majalisar abokai, ke ce za ki zagaye garin da yara a hannu. Hutun makaranta mako biyu ne, kuma ba dama ki ƙara, don tun Agustan 2024 tarar fashin makaranta a Ingila fam 80 ce a kan kowane yaro, uwa ta biya nata uba ya biya nasa. Ki dawo a Janairu murya a dishe, aljihu wayam, washegari aiki. Ina son zuwa gida, Allah ya sani, zumunci a ƙafa yake, kuma idon Hajiya mahaifiyata ya fi min komai. Amma ziyara ce. Mun daɗe muna kiranta hutu, shi ya sa shekara take zagayowa ba mu huta ba.

Sai na zaunar da maigida na ce mu raba abin biyu. Gida sai dogon hutun Yuli da Agusta, lokacin damina ta zauna, gari ya yi kore, ga masara ga ɗanyar gyaɗa, ga mako shida da zai ishe mu gaida kowa a natse. Disamba kuwa mu bi rana inda take. Shi Dubai ya so. Na ce daga shagunan Manchester zuwa shagunan Dubai ban ga abin da ya canza ba. Wata abokiyar aikina 'yar Mombasa ce ta ce mu gwada Zanzibar. Ta ce kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, ba za ki tambayi kowa ko naman nan yanka ne ba, kuma babu mai waiwayen mayafinki.

Ta Doha muka bi, wasu ta Addis Ababa suke bi. Da aka buɗe ƙofar jirgi a filin Abeid Amani Karume sai iska mai ɗumi da laima ta buge ni, na tsaya a kan matakala har na bayana suka fara gyaran murya. Tsibirin yana ɗan kudu da tsakiyar duniya, don haka Disamba da Janairu lokacin zafinsu ne, ma'auni yana wasa wajen digiri 30 zuwa sama, Magariba sai shida da rabi ta gota. Ranar farko na yi Azahar, na yi barci, na tashi, har yanzu La'asar da saura. Ku ba za ku gane daɗin wannan ba sai kun gani.

A tsohon birnin muka fara sauka, wanda ake kira Stone Town. Lungunansa kamar na cikin birnin Kano, mota ba ta shiga, sai babur da keke da mai tura amalanke yana cewa a kauce, yara suna dawowa daga makarantar allo, tsofaffi a kan dakali da ƙananan kofunan gahawa. Gidajen da dutsen murjani aka gina su, hawa biyu hawa uku, ga manyan ƙofofin katako da aka sassaƙa, wasu da ayoyi a samansu, wasu an kafa musu ƙusoshin tagulla irin aikin Indiyawa. Tun shekarar 2000 UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Wanda ya zaga da mu ya ce Sarkin Oman Sayyid Sa'id ne ya taso da fadarsa daga Maskat ya dawo nan wajen 1840, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari, shi ya sa za ki ga fuska ɗaya ta haɗa Afirka da Larabawa da Indiya. Babban gidan nan na bakin ruwa, Baitul Aja'ib, ɗansa Bargash ne ya gina a 1883, shi ne gini na farko da ya samu lantarki a Zanzibar. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, daga waje kawai muka kalle shi. Babban ɗana abin da ya riƙe shi ne yaƙin 27 ga Agustan 1896, da jiragen ruwan Ingila suka yi wa fadar ruwan wuta, aka gama komai cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Har yau yana ba abokansa labari.

Da yamma kowa Forodhani yake nufa, wani lambu a bakin teku. Samari su taho da gudu su yi tsalle daga kan katanga su faɗa ruwa, mutane na tafi. Magariba na wucewa sai a kunna fitilu a jera tebura: tsiren da suke ce wa mishkaki, gasasshen kifi, ruwan rake da aka matse da citta da lemun tsami a gabanki, da wani romo mai tsami da suke kira urojo, da dankali da ƙosai-ƙosai a ciki. Amarya, ke da kike son tsami, kwano biyu za ki sha. Ki dai zaɓi wanda ake gasawa a kan idonki, wanda ya daɗe a shanye ki bar musu.

Akwai wurin da na shiga na fito ban iya cin abincin rana ba. A tsakiyar garin akwai wani babban coci, an fara gina shi a 1873, a daidai filin da kasuwar bayi take. A shekarar ne Sarki Bargash ya rufe kasuwar bisa matsin Turawan Ingila, bautar kanta kuwa sai 1897 doka ta soke ta. Daga can cikin ƙasa ake koro mutane, daga wajen tafkunan Tanganyika da Malawi, a ƙafa, wasu ɗauke da hauren giwa, a tsallako da su a jirgin ruwa. Wasu a tura su gonakin kanumfari, wasu a wuce da su ƙasashen Larabawa. Akwai ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, rufin ya yi ƙasa har sai kin sunkuya, tagar kuwa 'yar tsaga ce. A waje an haƙa rami an tsayar da gumakan mutum biyar da sarƙa a wuya. 'Yata ta tambaye ni su waye suka yi haka, na faɗa mata gaskiya: a cikin masu cinikin akwai masu salla irinmu, kuma a kasuwannin ƙasar Hausa ma an sayar da mutane. Maigida ya ce yarinyar ta yi ƙanƙanta da wannan magana. Ni ina ganin gara ta ji a bakina. Washegari muka je gonar kayan ƙamshi, aka tsinko mana kanumfari ɗanye, ashe tohon fure ne ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya, aka kankaro ɓawon kirfa, aka fasa gyaɗar ƙamshi muka ga jan zaren da ke naɗe da ita. Na ji daɗin wurin, amma ina tsaye a gindin bishiyar tunanin ɗakunan nan bai sake ni ba.

"Ke dai kai mu bakin tekun," in ji Maman Biyu. "Shi muke jira."

To ga shi. Daga birni muka ɗauki mota zuwa Nungwi, a can ƙarshen arewacin tsibirin, tafiyar awa ɗaya da rabi ko makamancin haka. Dalilin zaɓen Nungwi shi ne ruwa. A gabashin tsibirin, su Paje da Jambiyani, teku yana janyewa sau biyu a yini ya yi nisa har ki rasa inda ya shiga, sai kin jira ya dawo. A Nungwi janyewar kaɗan ce, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Yashin fari fat, mai laushi, ruwan kuma kina tsaye a cikinsa har ƙirji kina ganin yatsun ƙafarki. Da ɗumi, Maman Biyu. Babu wannan sanyin mai sa mutum ihu.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ku shi ne na shiga. Da doguwar rigar iyo mai wando da hula na shiga, na yafa zane a kai har bakin ruwa. Ni da aka raina da kashedin kada in kusanci kududdufi, da labarin 'yan ruwa, da labarin yaron maƙwabta da ya tafi wanka bai dawo ba. Da asuba bayan salla nake fita, lokacin masu shagalin dare suna barci, bakin tekun na masunta ne da matan gari. Su ma da kayansu suke shiga, da zanen nan nasu mai rubutu da ake kira kanga, suna ja da raga su kama ƙananan kifi. Ba wadda ta dube ni sau biyu, sai sallama da murmushi. Wata matashiya mai koyar da iyo ce ta riƙe ni. Ta sa hannu a ƙarƙashin bayana ta ce in saki jiki in kalli sama. Na kasa, na sake kasa, wuyana a sandare. Can sai na ji kunnuwana sun nutse, duk ƙara ta ɗauke, ruwa ya ɗauke ni. Da na juyo ashe ta daɗe da janye hannunta tana gefe tana dariya. Wallahi kuka na yi. Ban san tun yaushe rabon da in kwanta babu abin da nake riƙe da shi ba, ba yaro, ba waya, ba tukunya, ba lissafi.

Ita ce ta ba ni labarin cewa su ma matan tsibirin da yawa ba su iya iyo ba, duk da a bakin ruwa aka haife su, saboda ana ganin bai dace mace ta shiga ba kuma babu suturar da za ta rufe ta. A Satumbar 2011 wani jirgin fasinja, Spice Islander, ya nutse a kusa da Nungwi a hanyarsa ta zuwa Pemba, mutane masu yawa suka rasu, cikinsu mata da yara. A garin akwai wata ƙungiya mai suna Panje da take koya wa 'yan mata iyo cikin cikakkiyar sutura, da jarkokin da babu komai a ciki suke fara koyon tasowa saman ruwa. Da na ji haka sai na tuna kwale-kwalen da ke kifewa a kogunanmu na Neja da Kebbi da Sakkwato duk damina, da yadda a jerin mamatan mata da yara kan fi yawa. Iyo ba gayu ba ne. Na dawo da niyyar sai 'yata ta iya, kuma ta fara.

Ba zan ɓoye muku ɗaya gefen ba. Bakin tekun da rana na kowa ne. Za ki ga Turawa kusan tsirara, akwai mashaya, akwai kiɗa har tsakar dare, musamman a Kendwa da ke maƙwabtaka da kuma daren sabuwar shekara. Samari masu tallar yawon jirgin ruwa za su bi ki, sai kin ce a'a da fara'a sau da yawa. A cikin gari hukuma tana neman baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa, amma a kan yashi ba mai hana kowa. Mu ƙaramin masauki muka kama, na mutanen gari, nesa da manyan otal, kusa da inda ake sassaƙa jiragen katako da hannu. Kiran salla yana iso mu, maigida yana zuwa jam'i a ƙafa, matar gidan tana dafa mana shinkafar pilau da kifi a cikin madarar kwakwa. Kuma na fi son kuɗina ya shiga hannunta. Domin da kin bar layin otal ɗin kin shiga ƙauyen, za ki ga mata a layin famfo da jarkoki, alhali bayan katanga ana ban-ruwan furanni ana cika wurin wanka. Da muka leƙa Paje na ga mata a durƙushe cikin ruwa idan ya janye, suna ɗaura ciyawar teku a igiya tsakanin turaku. Noma ne sosai, tun ƙarshen shekarun 1980 suke yinsa, a shanya a sayar wa kamfanonin waje su sa a man goge baki da kayan abinci, amma abin da ake biyansu a kan kilo bai taka kara ya karya ba, kuma ɗumamar ruwan tana kashe musu shukar. Na sayi sabulun da suke yi da ita ban nemi ragi ba. Ga shi can a jaka, kowa guda biyu, kada ku tafi ban ba ku ba.

"Nawa abin ya ci?" in ji Amarya.

Ya ci, ba zan yi miki ƙarya ba, ƙarshen Disamba ne lokacin da komai ya fi tsada a can. Amma da muka zauna da biro da takarda, muka haɗa tikitin Kano na Disamba da tsaraba da gudummawar biki da ɗan abin da ake damƙa wa kowa a hannu, sai muka ga ba mu kashe fiye da haka ba. Kuma abin da muka saba aika wa Hajiya da marayun gidanmu mun aika cif, tun kafin mu tashi, wannan ba na taɓa shi. Tikiti a saya da wuri. Tun Oktoban 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu, babba dala 44, ko da yana da tasa. Ku masu koren fasfo ku nemi biza tun da sauran watanni, don 'yan Najeriya ba a buga musu a filin jirgi, sai an tantance takardun tukuna. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Maganin zazzaɓin sauro kuma ku karɓa a sha, kada wadda ta ce ai ni 'yar Kano ce, sauro ya san ni. Wanda ya daɗe a Turai garkuwar jikinsa ta tafi, yaran da aka haifa a nan kuwa ba su taɓa samunta ba. Ku sai wa yara takalmin ruwa saboda wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya da ke kwance a ƙasa. Man kariyar rana ma a shafa, baƙar fata tana ƙonewa, hancin ƙaramin nawa sai da ya saɓule.

Hajiya ce na fi jin nauyi. Na yi ta juya yadda zan faɗa mata, daga ƙarshe na kira na ce, Hajiya, na gaji, ina so in je in huta, in Allah ya kai mu damina zan zo in daɗe. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce ita tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa kwana ta tashi babu aikin da ke jiranta ba, in ban da kwanakin da ta yi a asibiti da na aikin Hajji. Ta ce in je, Allah ya tsare. Ƙannen Baba ne suka ɗauki zafi, har da cewa Turai ta canza ni, su nake bi da waya har yanzu, kuma zan ci gaba da bi, iyaye ne. Amma na riga na gaya wa maigida, in da rai da lafiya, wata shekarar da Hajiya za mu. Daga Kano ta bi ta Addis Ababa mu haɗu a can. Ƙanena ya fara yi mata cuku-cukun sabunta fasfo.

Yaya, na ga kin yi shiru. Ke ce kika fi mu buƙata, ke da kike aikin dare ga jinyar surukarki. Ga shawarata: mu buɗe adashe daga watan gobe, na tafiya zalla, ba na kayan ɗaki ba, ba na anko ba. Ke za ki riƙe, don ke ce ba a iya lallaɓa ki a karɓi rance. Wadda ba ta son nisa ko tsadar Zanzibar, ga Gambiya, awa shida daga Landan, kuma koren fasfo ba ya buƙatar biza. Ke kuma Maman Biyu, wurin iyon unguwarmu yana da lokacin mata zalla ranar Lahadi da yamma, masu tsaron ma mata ne, ana rufe tagogi. Ina da rigar iyo ta biyu da za ta yi miki daidai. Ki bar 'yan biyun wurin babansu, ƙarfe biyar zan zo in ɗauke ki.